Darasi na Tara: Aikin Sha'awa da Sa wa Bargo Suna

Akwai aikin da mutum yake yi don neman abin kai wa baki. Akwai wanda yake yi don ya zama dole, kamar shara da wanki. Akwai kuma wanda ba wanda ya sa shi, in bai yi ba kuwa ba mai tambayarsa dalili. Ransa ne kawai yake so. Wannan shi ne aikin sha'awa. Wani shuka furanni ne nasa, wani kiwon tsuntsaye, wani sassaƙa, wani saƙa, wani kuma ya kwance tsohuwar rediyo ya sake ɗaure ta har ta yi magana.

Manya da yawa suna jin kunyar irin wannan aiki. Sai ka ji mutum ya ce ai shi ya girma, ko ya ce ina ya ga lokaci. Maganar lokaci gaskiya ce, hidimar iyali ba ta ƙarewa. Amma minti talatin a rana ya isa a fara. Maganar girma kuwa, babba ya fi yaro bukatar abin da zai huta da shi, domin shi ne yake ɗauke da tunanin gida.

Abin da aikin sha'awa yake yi wa mutum

Ku lura da yawancin ayyukanmu na kullum. An share ɗaki yau, gobe sai an sake. An wanke kaya, jibi sun yi dauɗa. Aikin yana da amfani, amma ba ya tsayawa a gan shi. Aikin sha'awa yana da farko, yana da ƙarshe. Rana za ta zo da za ku ɗaga abu da hannu biyu ku ce, "Ni na yi wannan." Wanda ya daɗe bai faɗi wannan magana ba ya san nauyinta.

Sannan hannu in yana aiki, zuciya takan lafa. Mai zura zare a allura ba zai iya bin damuwa goma a lokaci guda ba, dole hankalinsa ya taru a kafar allurar. Damuwar ba ta gudu ba, tana nan. Amma ta sauka daga wuyansa na ɗan lokaci, kuma wannan hutun ba ƙaramin abu ba ne.

Masana sun duba wannan batu. A shekarar 2023 mujallar likitanci ta Nature Medicine ta buga wani bincike da ya shafi mutum fiye da 93,000, masu shekara 65 zuwa sama, a ƙasashe 16, ciki har da Ingila da Amurka da Japan da Sin. An gano cewa masu aikin sha'awa sun fi ƙarancin alamun ciwon damuwa, sun fi jin daɗin rayuwarsu, kuma sun fi jin kansu da lafiya. Sai dai a kiyaye: aikin sha'awa ba ya maye gurbin likita. Wanda baƙin ciki ya danne shi har ya hana shi barci ko cin abinci, asibiti zai je.

Akwai kuma amfanin da ya shafe ku kai tsaye, ku da kuke koyon karatu da lissafi. Mai ɗinki yana awo, yana ƙirga, yana ninkawa, yana rubuta abin da ya auna don kada ya manta. Lambar da aka koya a allo takan gudu daga kai. Lambar da aka yanka ƙyalle da ita ba ta saurin gudu.

Bargon ƙyallaye

A wannan darasi za mu ɗauki aiki guda ɗaya mu bi shi har ƙarshe: ɗinka bargo da ƙyallaye. Mun zaɓe shi ne don kayan aikinsa suna kusa da kowa. Allura, zare, almakashi, tef ɗin awo, alli, kwali, da tsofaffin tufafin da aka daina sawa. Keken ɗinki yana sa sauri, amma hannu kaɗai ya wadatar. Maza suna yi, mata suna yi.

Sana'a ce tsohuwa, kuma ƙasashe da yawa suna da irin tasu. A Bangladesh da gabashin Indiya mata sukan jera tsofaffin zannuwa bisa juna su bi su da ƙananan ɗinki, suna kiran abin kantha. A lardin Sindh na Pakistan ana kiran nasu ralli. A Amurka akwai wani ƙauye a jihar Alabama mai suna Gee's Bend, inda mata baƙar fata, jikokin bayi, suka daɗe suna yanka tsofaffin kayan aikin gona suna yin barguna don maganin sanyi. A 2002 aka baje bargunansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan wasu daga ciki a kan sarki. Tsumma ne fa asalinsu.

Irin wannan bargo hawa uku ne. Akwai fuska, wato ƙyallayen da aka harhaɗa. Akwai ciki, wato auduga shimfiɗaɗɗiya ko wani tsohon bargo mara nauyi. Akwai kuma shafi, wato yadi guda na baya.

Ku fara da wanke ƙyallayen, ku shanya, ku goge. Sabon yadin auduga yakan tsuke in ya sha ruwa, wani kuma yana zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu. Gara ya zuba yanzu da ya ɓata farin da ke kusa da shi bayan an gama wahala. Kada ku haɗa yadi mai talewa da wanda ba ya talewa, bargon zai karkace.

Yanzu ga lissafi. Ku yanka kwali mai kusurwa huɗu, santimita 12 tsawo, 12 faɗi. Shi ne ma'auninku. Ku ɗora shi a kan ƙyalle, ku zagaye da alli, ku yanka. Ɗinki zai ci santimita 1 a kowane gefe, saboda haka kowane yanki zai koma santimita 10 a cikin bargo. In bargon jariri kuke so, mai faɗin santimita 90 da tsawon 120, kowane layi zai ɗauki yanki 9, layukan kuma 12 ne. Ku ninka 9 sau 12, za ku sami 108. Yanki 108 ke nan za ku yanka. Da wannan ƙaramin ya kamata a fara. Mutane da yawa sun fara da na babban gado, suka gaji a tsakiya, suka cusa shi a akwati.

Kafin ku taɓa allura, ku shimfiɗa yankunan a ƙasa, ku ja da baya ku duba. Ku sauya musu wuri har idonku ya gamsu. Mai haske kusa da mai duhu yakan fito da kyan juna. Daga nan ku haɗa yanki da yanki ya zama layi, ku haɗa layi da layi ya zama fuska, kuna goge bakin ɗinkin ya kwanta gefe ɗaya.

Sai ku shimfiɗa shafi, ku ɗora ciki, ku ɗora fuska. Shafi da ciki su fi fuska girma da kamar santimita 5 a kowane gefe, don sukan ja yayin ɗinki. Ku kama hawa ukun da fil ko dogon ɗinki na wucin gadi. Ku fara bin su da ɗinki daga tsakiya kuna fita zuwa baki. In kuka fara daga baki, yadin zai tattaru a tsakiya ya yi tudu. Kada tazarar layin ɗinki da ɗan'uwansa ta wuce faɗin tafin hannu, in ba haka ba audugar za ta dunƙule a wajen wanki. A ƙarshe ku daidaita bakin da almakashi, ku kalmashe shi da siririn yadi.

Ku zauna inda akwai haske, ku riƙa miƙewa kuna hutar da baya da ido. Allura da fil kuma a ɗauke su daga inda yara suke wasa.

Sa masa suna

Wani zai ce, bargo kuma har da suna? E, har da suna, kuma masu wannan sana'a sun daɗe suna yin haka.

Wasu sunayen daga siffar zanen suke fitowa. A Amurka akwai zanen da suke kira da sunan ɗakin katako, wanda ya yi tashe tun shekarun 1860: ƙaramin yanki a tsakiya, sau da yawa ja, alamar murhun gida, sai dogayen ƙyallaye suna kewaye shi, rabi masu haske rabi masu duhu. Akwai wanda suke kira da sunan dinya masu tashi, saboda yankuna masu kusurwa uku da aka jera kamar tsuntsaye a sama. Matan Gee's Bend suna da wanda suke kira rufin ɗaki. Waɗannan sunayen zane ne, kowa yana iya amfani da su. Amma bargon da kuka ɗinka guda ɗaya ne a duniya, ya cancanci nasa na kansa.

Ina ake samo sunan? A duba bargon da kyau. Me ya yi kama da shi? In layukansa suna hawa, ana iya ce masa "Tsani". In kore ya yi yawa, ga "Damina". A tuna kuma inda ƙyallayen suka fito. Wanda aka yi da tufafin mahaifi da ya rasu, "Rigunan Baba" ya ishe shi suna, duk ɗan gidan da ya ji zai gane. A tuna halin da ake ciki lokacin ɗinkin. Wadda ta ɗinka nata tana zaman jinyar mahaifiyarta tana iya ce masa "Daren Jinya". Wanda aka yi don sabon jariri ko amarya yana iya ɗaukar addu'ar da ake yi musu.

A ganina sunan da ya faɗi gaskiyar bargon ya fi suna mai ƙawa wanda ba ya nufin komai. Ya zama gajere, kalma ɗaya zuwa uku. Ku faɗe shi da baki ku ji ko ya zauna. Kada kuma ku yi gaggawa. Sau da yawa sunan da aka zaɓa ranar yanka ba shi ne yake dacewa ranar kalmasa ba, domin watannin da ke tsakani sun ƙara wa bargon labari.

Suna a baki kaɗai ba ya daɗewa. Gidajen tarihi cike suke da barguna masu ban sha'awa waɗanda aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san mai ɗinkin ba. Wata ta ba da idonta da yatsunta wata da watanni, aikin ya rayu, ita ta ɓace. Wannan abu yana da ciwo.

Ku kwatanta da mata biyu. Jane Stickle, a jihar Vermont ta Amurka, ta gama wani bargo ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasarsu. A wata kusurwa ta ɗinka sunanta, ta rubuta cewa a lokacin yaƙi aka yi shi, 1863, ta kuma rubuta yawan yankunan: 5,602. Bargon yana gidan tarihi na Bennington, kuma saboda wannan ɗan rubutu, masu ɗinki a ƙasashe da dama sun san sunanta har yau. Ta biyu ita ce Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a jihar Jojiya a 1837. Ta ɗinka bargo mai gida 11, kowane gida da hotonsa, ɗauke da labarai daga Baibul, ciki har da na Adamu da Hauwa'u. Da talauci ya sa ta sayar da shi dala biyar, sai da ta bayyana wa mai sayen ma'anar kowane gida, mai sayen kuma ta rubuta. Yau bargon yana gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington, tare da bayaninta. Harriet ta dace da wadda ta rubuta mata. Ku kuwa da hannunku za ku rubuta.

Ga yadda ake yi. Ku yanka farin ƙyalle, santimita 15 da 10. Ku fara gwada rubutun a takarda, malami ya duba. Sannan ku rubuta a ƙyallen da fensir, ku bi kansa da zare mai duhu, ko da alƙalamin da tawadarsa ba ta fita a wanki. Biro na yau da kullum yakan koɗe. In kuna shakkar tawadar, ku gwada ta a wani tsumma ku wanke ku gani. Abin da za a rubuta shi ne sunan bargon, sunan wanda ya ɗinka, gari, shekara, da sunan wanda aka yi dominsa in kyauta ce. Ku kalmashe bakin ƙyallen, ku ɗinke shi a bayan bargon, a kusurwar ƙasa. In rubutun ya ɗan karkace, ku bar shi haka. Jikokinku za su so ganin hannunku yadda yake.

Aikin aji

1. Wane aikin sha'awa kuke yi, ko kuka taɓa yi kuka bari? Me ya sa kuka bari? Ku gaya wa na kusa da ku.

2. Bargo mai faɗin santimita 150 da tsawon 200, yanki nawa zai ci in kowane yanki santimita 10 ne bayan ɗinki?

3. Me ya sa ake fara ɗinke hawa uku daga tsakiya?

4. Ku tuna wata riga ko zane a gidanku da aka daina sawa amma aka kasa yarwa. In da za a yi bargo da shi, wane suna za ku sa masa? Ku rubuta sunan a littafinku, ku rubuta naku sunan a ƙasa, da shekarar da muke ciki.

Mako mai zuwa kowa ya zo da ƙyallaye wankakku, da kwali, da almakashi in yana da shi. Za mu yanka yanki 9 na farko a aji.