Kurakuran da ɗalibai suka fi tafkawa a gasar jawabin nan-take

Wallahi abin yana ci min rai, ka ga yaro mai baki, ga ƙwaƙwalwa, amma ya sha kaye a gasar jawabin nan-take don kawai bai karanta dokar gasar ba.

Babban kuskuren shi ne lokaci. A tsarin NSDA, wato ƙungiyar gasar jawabi da muhawara ta ɗalibai a Amurka, wadda aka kafa tun 1925, minti 7 ne gaba ɗaya, a ciki za ka zaɓi maudu'i ɗaya cikin ukun da ka ciro, a ciki za ka shirya, a ciki kuma za ka yi maganar. Toh sai ka ga ɗalibi ya duƙufa a kan takarda yana ta rubutu kamar mai jarrabawa, alƙali na faɗin minti biyu, minti uku, minti huɗu, shi ko ɗagowa bai yi ba, kafin ya miƙe lokacin maganar ya tafi. Kar ka rubuta jimloli, rubuta matsayarka da hujjoji biyu, kowace da misali ɗaya, ka miƙe kafin minti biyu ya cika. Takardar ma ajiye ta za ka yi, da ka ake jawabin. Akwai rarar sakan 30, in ka zarce ta ba za a ba ka na ɗaya ba komai daɗin bakinka.

Sai wanda ya fi ɓata min rai, haddace jawabi tun daga gida. Ko me aka ba shi sai ya murɗa shi ya koma kan abin da ya haddace, an ba shi karin magana kan haƙuri ya ɓige da zancen sauyin yanayi. Alƙalai fa suna ganewa tun a jimla ta biyu. Tara misalai a kai ba laifi ba ne, ana ma so, amma fara da faɗin yadda ka fahimci maudu'in, sannan ka ɗauko misalin da ya dace da shi.

Wasu kuma suna rikita jawabin nan-take da wani rukunin gasar daban, na tambayoyi kan al'amuran yau da kullum, can minti 30 ne na shiri sannan jawabin minti 7, kuma dole ka amsa tambayar kai tsaye ka faɗi majiyarka. Don Allah kar ka ƙirƙiri sunan jarida ko alƙaluma, yana iya sa a kore ka.

Gasa da gasa doka tana bambanta, wasu suna barin ka riƙe ƙaramin kati, don haka nemi takardar dokokin a hannun malaminku tun ana saura mako.