Yadda Ake Adana Kalmomin Sirri na Lalitar Kirifto da Yadda Ake Dawo da Ita

Ƴan kasuwar Maradi da dama, musamman masu sayo kaya ta Jibiya da Kano ko masu biyan dillalai a Dubai da Sin, sun koma ajiye wani kaso na jarinsu a USDT, kuɗin kirifto da darajarsa ke bin dalar Amurka, cikin manhajoji irin su Trust Wallet da MetaMask. Abin da ya kamata kowannensu ya fara sani shi ne kuɗin ba a cikin salula suke ba. Suna rubuce ne a kundin da ke kan intanet, kuma mabuɗinsu shi ne kalmomi 12 ko 24 da manhajar take nunawa ranar da aka buɗe lalitar, wato asusun kirifton da ke cikin manhajar. Duk wanda ya riƙe waɗannan kalmomi a jerensu ya riƙe dukiyar, ko da yana wata ƙasa, kuma babu ofishin da za a kai kuka a mayar da abin da ya fita. Wannan ya bambanta da asusun Binance, kasuwar saye da sayar da kirifto, inda kamfanin ne ke riƙe da mabuɗin.

Kalmomin suna fitowa ne daga jeri mai kalma 2048 na wata ƙa'ida da ake kira BIP39, wadda aka fitar a 2013, kuma yawancin manhajoji na Ingilishi suke bayarwa. A nan ne wanda ya yi karatun Faransanci yake yawan tuntuɓe, domin hannunsa yakan rubuta kalmar yadda kunnensa ya saba ji, ba yadda take a fuskar waya ba. Saboda haka ka zauna kai kaɗai a ɗaki, ka kwafe su harafi bayan harafi da biro, ka sa lamba a gaban kowace kalma, sannan ka sake bin su daga ta ƙarshe zuwa ta farko. Haruffa huɗu na farkon kowace kalma sun isa su bambanta ta da sauran da ke jerin, don haka su za ka fi kula da su.

Kada ka ɗauki hoton kalmomin, kada ka tura wa kanka su ta WhatsApp, kada kuma ka ajiye su a imel. Hoton da ke salula yakan hau Google Photos ba tare da saninka ba, ita kuma salular takan kwana a rumfar mai caji ko ta yi kwana uku a hannun mai gyara.

Wurin ajiya shi ne inda ya fi buƙatar nazari. Takarda tana da abokan gaba uku a garin nan: gara, gobara da ruwan damina, kuma mutanen da kakanninsu suka tashi daga kwarin Gulbi suka hau tudu bayan ambaliyar 1945 ba sai an yi musu dogon bayani a kan na ukun ba. Mafi sauƙi shi ne ka yi kwafi biyu, ka naɗe kowanne a leda mai kauri, ka sa ɗaya a adakar ƙarfe a gidanka, ɗayan kuma a wani gida da ba a unguwa ɗaya ba, cikin ambulan da aka liƙe yadda za ka gane in an buɗe. Idan kuɗin suna da yawa, a ganina ya dace ka sayi farantin baƙin ƙarfe marar tsatsa da ƙusoshin buga haruffa, domin irin wannan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1400, alhali sanholo yana narkewa a 660. Sai dai ka buga da hannunka. Kai wa maƙeri kalmomin ya buga maka daidai yake da ba shi makullin shagonka. Ban kuma goyi bayan raba kalmomin kashi biyu a ajiye kowane rabi daban ba, tun da ɓatan rabi ɗaya ya isa ya hana ka duka.

Kafin ka zuba jari mai nauyi, ka gwada ajiyar. Tura kuɗi kaɗan, kamar na jika biyu, sannan ka share lalitar daga manhajar, ka dawo da ita da abin da ka rubuta kawai. Idan kuɗin sun bayyana, rubutunka ya inganta.

Ranar da salula ta ɓace ko ta lalace, hanyar ita ce wannan da ka gwada. Ka sauko da manhajar daga Play Store ko App Store bayan ka duba sunan kamfanin da ya yi ta, domin akwai na jabu masu kama da na gaske, ka zaɓi shigo da tsohuwar lalita maimakon buɗe sabuwa, ka rubuta kalmomin a jerensu. Idan manhajar ta ƙi karɓa, galibi harafi ne ya kauce ko kalmomi biyu sun yi musayar wuri, kasancewar kalmar ƙarshe tana ɗauke da alamar tantance sauran. Idan ta karɓa amma ka ga babu ko dala, kada hankalinka ya tashi: duba ko ka kunna hanyar da kuɗin suke, misali hanyar da ake kira Tron ga mai USDT na TRC20, wato USDT ɗin da ke kan Tron, ka kuma tuna ko ka taɓa ƙara wata kalmar sirri ta daban a kan jerin, domin ba tare da ita ba wata lalita ce marar komai za ta buɗe.

Duk wanda ya nemi kalmomin a Telegram ko Facebook da sunan ma'aikacin kamfani ɓarawo ne. In kuwa kana zargin wani ya gan su, ba a canza su kamar lambar sirrin banki; sabuwar lalita za ka buɗe, ka kwashe komai zuwa cikinta a ranar, kana da ɗan TRX, wato kuɗin kirifton Tron, na kuɗin turawa idan a kan Tron kake.

Akwai kuma batun gado. Ka rubuta a wasiyyarka cewa kana da wannan dukiya da inda ambulan yake, ba tare da ka sa kalmomin a cikinta ba, ka kuma nuna wa amintacce ɗaya cikin magada yadda ake dawo da lalita, ta amfani da wata lalitar gwaji da babu kuɗi a ciki.