Tazarar haihuwa a asibitin gwamnati: yadda za ki shiga, ki zaɓa, ki dore

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani ciki, in kuwa ɓari ta yi, wata 6. Wannan hutun ne ke ba jiki damar mayar da jinin da ya rasa, ya kuma bar na goye ya sha nono ya ƙoshi. Shi ya sa gwamnatoci ke buɗe sashen tazarar haihuwa a asibitocinsu, galibi kusa da ɗakin awon ciki da na rigakafin yara. Abin da ke damunmu shi ne mata da yawa sukan fara, sai su watsar cikin 'yan watanni, don jini ya rikice musu kuma ba wanda ya gaya musu tun farko cewa hakan zai faru.

Kafin ki fita daga gida, ki riƙe abu uku: ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara, ranar da kika haihu, da kwalayen duk maganin da kike sha. Kada ki raina na ukun. Rifampicin na tarin tibi da wasu magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar fata, wato tsinken da ake sawa ƙarƙashin fatar hannu, amma ba sa taɓa allurar wata uku ko robar mahaifa. In maigida zai raka ki, ya fi, don abin da ya ji da kunnensa daga bakin malamar asibiti ba zai zama gardama a gida ba.

Da kin zauna, malama za ta fara da tabbatar da cewa ba ki da ciki, ta auna hawan jini, ta tambaye ki ko kina shayarwa, ko kina fama da matsanancin ciwon ɓarin kai, ko jini ya taɓa daskare miki a ƙafa. Ki faɗi gaskiya ko da kina jin nauyi, don da amsarki za ta ware abin da zai cutar da ke. Ba dole sai kina al'ada za a fara miki ba. Sai dai in an yi miki allura ko ashana bayan kwana 7 da fara al'adar, za ku yi amfani da kwaroron roba ko ku ƙaurace wa juna na kwana 7, kafin maganin ya kama.

Mai jego kan dogara da nono, kuma nono yana hana ciki da gaske, amma da sharaɗi uku da dole su haɗu: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi. A nan kwanika ke shigowa, don ƙwai na fita kafin a ga jinin farko. Wadda ba ta shayarwa kuwa tana iya ɗaukar ciki mako 4 kacal bayan haihuwa, mai ɓari kuma cikin mako 2.

Ƙwaya iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su. Akwai mai sinadari ɗaya, wadda ta dace da mai shayarwa. Ita ba ta son latti: in kin wuce lokacinki da fiye da awa 3, ki sha nan take, ku yi amfani da kwaroron roba ko ku ƙaurace wa juna na kwana 2. Akwai mai sinadari biyu, wadda mai shayarwa ba ta farawa sai jariri ya kai wata 6. Ba a ba mai hawan jini ita, ko mai shan taba da ta kai shekara 35, ko mai ciwon ɓarin kai irin wanda ido ke ganin walƙiya kafin ya taso. In kin manta ƙwaya 1 ko 2 na mai sinadari biyun, ki sha da zarar kin tuna ki ci gaba. In sun kai 3 a jere, sai an ƙara da kwaroron roba na kwana 7. Kin yi amai cikin awa 2 da sha, ki sake shan wata. Cikin mata 100 masu shan ƙwaya yadda aka saba sha, da mantuwa da komai, kusan 7 kan yi ciki a shekara. Mai yawan mantuwa gara ta duba wata hanyar.

Allurar Depo-Provera duk mako 13 ake yi, ta Noristerat kuma duk mako 8. Ki sa a rubuta miki ranar dawowa a kati, ki kuma sa ta a wayarki. Ta wata uku tana da sassauci: za a iya yi miki ko da kin makara da mako 4, ta wata biyu kuwa mako 2 ne iyaka. Mai shayarwa kan fara ta bayan mako 6 da haihuwa. Wasu asibitocin suna koya wa mace yi wa kanta Sayana Press a gida. 'Yar jakar magani ce haɗe da gajeriyar allura. Ki girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa 30, ki tura murfin har ya haɗe da wuyan jakar, ki cire murfin, ki tsunkuli fatar ciki ko ta gaban cinya, ki soka, ki matse jakar a hankali na daƙiƙa 5 zuwa 7. Kada ki murza wurin. Wani kuskure da ake yi shi ne a bar 'yar tazara tsakanin murfi da wuya, sai maganin ya ƙi fita.

Abu biyu ya kamata ki ji game da allura kafin ta shiga jikinki. Na farko, a watannin farko jini kan yi ɗigo-ɗigo ba tsari, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya ga mata da yawa. Jinin ba taruwa yake yi a ciki ba. Shimfiɗar mahaifar da ke zubowa duk wata ce ba ta yi kauri ba, don haka babu abin zubarwa. Na biyu, bayan an daina ta, ciki kan yi jinkiri, a ƙiyasce kusan wata 10 daga allurar ƙarshe. Ba ta kashe mahaifa, amma wadda ke son ciki nan da shekara guda ta san da wannan lissafin.

Ashanar fata ita ce mafi ƙarancin kuskure, mace kusan 1 cikin 1,000 ke yin ciki a shekarar farko. Implanon tsinke ɗaya ne, na shekara 3, Jadelle tsinke biyu, na shekara 5. Za a kashe miki zafin wurin da allura, a tura ta ƙarƙashin fatar cikin damtsen hannun da ba ki cika aiki da shi ba. Kafin a ɗaure, ki sa yatsa ki ji ta da kanki. Ki bar wurin a bushe kwana 2, filastar ƙasa kuma ta yi kwana 3 zuwa 5. Ita ma tana rikita jini, kuma wannan ne babban dalilin da ke sa mata neman a cire. In ya dame ki, ki koma, akwai maganin kwana kaɗan da ke sassauta shi. Da an cire ta, ciki na iya shiga ba jinkiri.

Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da sinadarin da ke shiga jini, tana kai shekara 10 zuwa 12. Ana sa ta cikin awa 48 da haihuwa, in an wuce haka sai an jira mako 4. Al'ada kan ƙara yawa da ciwon mara a wata 3 zuwa 6 na farko, don haka mai ƙarancin jini ta faɗa tun a zaman farko. Ki koma a duba bayan mako 3 zuwa 6.

In kwaroron roba ya fashe ko an sadu ba kariya, akwai ƙwayar gaggawa, levonorgestrel mai nauyin miligiram 1.5, da ake sha cikin kwana 5, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon aikinta. Jinkirta fitar ƙwai take yi, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. Ki sani kuma duk cikin hanyoyin nan kwaroron roba kaɗai ke kare ƙanjamau da sauran cututtukan saduwa.

Akwai alamun da ba a jira ranar kati a kansu. Mai shan ƙwaya mai sinadari biyu, in ta ji ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zogi, ko ciwon kai mai dishe ido, ta daina sha ta nufi asibiti. Mai robar mahaifa, in mara ta ɗau ciwo mai tsanani da zazzaɓi ko ruwa mai wari, ko ta ji robar na leƙowa, ko al'ada ta ɗauke. Mai ashana, in wurin ya yi ja yana fitar da mugunya. Kowace mace kuma, in jini ya ninka na al'adarta ko ya wuce kwana 8.

Kafin ki tashi daga gaban malama, ki tambayi sunan abin da aka sa miki, ranar da zai ƙare, da inda ake cirewa, a rubuta su a katinki. Cirewa haƙƙinki ne a duk ranar da kika nema, ba sai wa'adi ya cika ba. In kuma kin je ranar allura aka ce ta ƙare a ma'aji, kada ki koma gida hannu biyu: ki karɓi ƙwaya ko kwaroron roba na riƙon ƙwarya, ki tambayi asibiti mafi kusa da ke da ita kafin sassaucin nan ya ƙare, mako 4 ga ta wata uku, mako 2 ga ta wata biyu.