Idan baladiyya ta yi biris da kokenka, ga inda za ka nufa

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda. Mu daina tsayawa kan ƙorafi a bakin shago idan shara ta taru a unguwa, ko fitilar titi ta mutu, ko rami ya buɗe a kwalta. A kira 940, layin koke na baladiyya (wato hukumar kula da gari), ko a shigar ta manhajar Balady da hoto da wurin. Za a ba ka lambar koke. Adana ta, don in ba ita, maganarka ta bi iska.

In an rufe koken alhali ba a gyara komai ba, sake ɗaukar hoto ka kuma shigarwa, ka ambaci tsohuwar lambar.

Babbar magana ita ce hukunci a rubuce, kamar rufe shago ko hana lasisi. Wannan akwai mai duba shi wanda ba ya ƙarƙashin baladiyya: Diwanul Mazalim, kotun da ke shari'a tsakanin mutum da hukuma, kuma kai tsaye take ƙarƙashin Sarki. Amma ba a fara zuwa can. Sai ka rubuta wa hukumar da ta yanke hukuncin cikin kwana 60 daga ranar da ka sani. In ta ƙi, ko ta yi shiru kwana 60, ka shigar da ƙara ta Mu'in, dandalin intanet na Diwanul Mazalim. Mutanenmu da yawa a nan suke faɗuwa, ana "bari sai bayan Hajji" har wa'adi ya wuce.

Wanda kuwa ma'aikaci ya nemi na goro a hannunsa, Nazaha zai kira, hukumar yaƙi da cin hanci, a lamba 980.