Yadda Ake Ɗaure Sarƙar Keken BMX

Keken BMX, wanda wasansa ya faro a kudancin Kalifoniya kuma tserensa ya shiga gasar Olamfik a Beijin a 2008, giya ɗaya gare shi, don haka babu abin da ke riƙe sarƙarsa sai matsayin tayar baya.

Da farko a kifa keken a kan sirdinsa, a sassauta notunan tayar baya da sifana, galibi mai lamba 17 ko 19, ba tare da an cire su ba. Daga nan a ja tayar baya har sarƙar ta miƙe, a ɗaure notin ɓangaren sarƙa kaɗan, sannan a daidaita tayar a tsakiyar firam kafin a ɗaure ɗayan.

Nan ne mahaya da yawa suke kuskure, domin suna ɗaure sarƙar tamau, alhali hakan yana cinye haƙoran giya. A juya feda a hankali, a nemo inda sarƙar ta fi tsauri, a danna ta da yatsa a wurin. Ya kamata ta motsa kimanin santimita 1. Idan ta yi daidai, a ƙarasa ɗaure notunan biyu da ƙarfi.