Yadda ake shuka wa barewa abinci a filin farauta mai riƙe ruwa

A jihohin Amurka irin su Michigan, Ohio da Wisconsin, maharba kan ware eka ɗaya ko rabi a cikin dajinsu su shuka abin da barewa da talotalon daji ke so, don su saba da zuwa wurin kafin farautar kaka. Sai dai filin da mai ƙaramin ƙarfi ke iya saye galibi shi ne wanda manoma suka raina: kwari mai laka, ruwa na kwana a kai. Na ga sababbin shiga da dama sun sayi iri mai tsada a buhu mai hoton barewa, suka watsa a irin wannan wuri, ko tsiro ba su gani ba.

Aikin farko na ƙafa ne. A watan Afrilu, bayan dusar ƙanƙara ta narke, ka jira a yi ruwa mai ƙarfi, ka bari kwana biyu, sannan ka sa takalmin roba ka zaga filin da turaku a hannu. Duk inda ruwa ke tsaye har lokacin, kafa turke, wannan ba wurin abincin barewa ba ne. Tudun da ya tsane, ko da taƙi ɗaya ya ɗara sauran, shi ne gonarka. Wanda ya taɓa noman fadama a gida ya san wannan karatun. Kada kuma ka ce za ka cike kwarin ko ka yanka masa babbar magudana. Dokar kare ruwa ta tarayya ta 1972 ta sa cike dausayi da dama sai da izini, tarar kuwa ba ta wasa ba ce. Tambayi ofishin gona na gundumarku tukuna.

Daga tudun nan ka ɗebi ƙasa a wurare da dama, ka gauraya, ka aika ɗakin gwajin ƙasa. Kuɗin bai kai na buhun taki ɗaya ba. Idan ƙasar ta yi tsami, wato ma'aunin pH ya gaza 6, sai an zuba farar ƙasa ta gona gwargwadon abin da takardar ta ce, kuma tana ɗaukar watanni kafin ta yi aiki.

Yanzu ga inda na sha kashi. Shekarar farko, ɗoki ya sa na aro taraktar maƙwabci a watan Mayu. Saman ƙasa ya bushe, na ce shi ke nan. Ban yi zagaye biyu ba tayoyin baya suka nutse, sai da aka kawo wata motar ta ja mu. Kunyar ranar ma da sauƙi. Abin da ya fi ciwo shi ne duk inda taya ta bi lakar ta danne ta zama kamar gindin tukunya, ramukan suka koma kududdufai, saiwa ta kasa ratsawa, na yi shekaru ina gyara ɓarnar yini ɗaya. Inda haro ya taɓa kuwa, ƙasar ta dunƙule ta bushe kamar tubali.

Don haka kafin kowane ƙarfe ya shiga, haƙa da shebur zurfin taƙi guda, ka damƙi ƙasar can ƙasa, ba ta sama ba. Matse ta a hannu, ka danna da babban yatsa. In ta wargaje, bismillah. In ta miƙe kamar ƙullun fulawa ko ta bar maka danshi mai sheƙi a tafi, koma gida. Ni dai yanzu ba na shuka a irin wannan fili da bazara sam. Agusta nake jira, lokacin da ƙasa ta fi tsanewa, kuma ba na juya ta. Na kan yi feshin maganin ciyawa, wanda aka amince a yi amfani da shi kusa da ruwa kawai, in bar ta ta mutu, in watsa iri a cikinta, sannan in kwantar da busasshiyar ciyawar a kai. Ƙaramin babur mai ƙafa huɗu ya isa. In kana da tarakta kuma ƙasa ta bushe sosai, ɗaga kunya masu faɗi yana taimakawa.

Iri kuwa, manta da alfalfa, ba ta jure jiƙar saiwa. Waken soya da dangin kabeji ma ruɓewa suke yi. Nemi kuloba, ciyawar nan mai ganye uku dangin wake: nau'in alsike da farar kuloba su ne masu haƙuri da danshi. Nauyin fam 4 zuwa 6 na irin farar ya ishi eka. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, in ta nutse fiye da kwatar inci ba za ta fito ba. Haɗa da hatsin rai, wato rye, dangin alkama, shi zai fara tsirowa barewa su samu na ci yayin da kulobar ke kafa saiwa.

Wurin turakun nan kuma na agwagin daji ne. Idan ruwa ya janye a Yuli, watsa geron Japan a kan tabon, kamar fam 20 a eka. Ba irin geronmu ba ne, in ya tashi ruwa ba ya damunsa muddin bai shanye kansa ba. Amma a kula: dokar tarayya ta hana ka sare ko ka tattake wanda ka shuka sannan ka harbi agwagi a kai. A tsaye za ka bar shi.

Sauran ba wuya. Kafa ɗan kejin waya a tsakiyar gonar don ka gane ko shukar ce ta ƙi ko barewa ne ke cinyewa. Yanke saman kulobar sau biyu a shekara in ciyawa ta taso. Inda ya yi sanƙo, ƙara watsa iri a farkon Maris, lokacin da ƙasa ke daskarewa da dare tana sakewa da rana, ita da kanta za ta haɗiye shi.