Kurakuran da Masu Koyo Suka Fi Yi Wajen Haɗa Amfilifaya da Tsofaffin Kaya

Haɗa ƙaramin amfilifaya da kayan da aka ciro daga matattun rediyo da talabijin ba ya buƙatar abubuwa da yawa: aisi (ƙaramin guntu mai ƙafafu wanda shi ke ƙara ƙarfin sauti) guda ɗaya irin LM386 ko TDA2003, 'yan kafasita da razista, abin ƙara murya, lasifika, sai kuma abin da zai ba shi wuta. Duk da wannan sauƙi, na gaji da ganin masu koyo suna kawo mini allo ƙonanne suna ɗora laifin a kan tsufan kayan, alhali sau da yawa kayan lafiyarsu lau, wanda ya haɗa su ne bai auna komai ba kafin ya jona wuta.

Kuskuren da ya fi cin aisi shi ne yarda da abin da aka rubuta a jikin taransifoma. Mai koyo zai ga an rubuta bolt 12, ya tuna cewa LM386 na yau da kullum yana aiki tsakanin bolt 4 zuwa 12, sai ya ce ai sun dace da juna. Abin da bai sani ba shi ne, bayan wutar ta ratsa diyod huɗu ta taru a cikin babban kafasita, takan hau zuwa ƙololuwarta, wato kusan ninki 1.4 na abin da aka rubuta, a debe ɗan abin da diyod ɗin suka sha. Don haka taransifoma mai bolt 12 yakan ba da kusan 16, wani lokaci ma ya wuce idan ba a ɗora masa nauyi ba, shi kuwa wannan aisi iyakar abin da zai iya jurewa bolt 15 ne. Ni kaina na ƙona guda uku a dare ɗaya saboda wannan jahilci. Na farko ya yi zafi ya mutu, na ce dama ruɓaɓɓe ne. Na biyu ya bi shi, na zargi rediyon da na ciro shi. Sai da na uku ya yi hayaƙi sannan na ɗauko mitar auna wuta, wadda tun farko tana ajiye a gabana. Tun daga ranar ba na gwada sabon allo sai da batir mai bolt 9, kuma idan zan koma kan taransifoma, sai na auna wutar bayan kafasita, in ta yi yawa in sa 7809, wato aisin da ke tsayar da wuta a bolt 9, ya daidaita ta.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, domin shi ba aisi yake kashewa ba, mutum yake iya kashewa. Babban kafasitan da ke sashen wuta na talabijin ko kwamfuta, a inda lantarkin gida yake bolt 220, yakan riƙe sama da bolt 300, kuma cire filogi ba lallai ya sa ya sauke ta nan take ba. Na taɓa juya irin wannan allo da hannu bayan na cire shi daga wuta, yatsana ya haɗa ƙafafun kafasitan biyu, fizgar da ta yi mini ta sa na yi jifa da allon, gwiwar hannuna ta daki ƙarfen narka dalma, tabon yana nan har yau. Abin haushi, har yanzu ina ganin yara suna haɗa ƙafafun da sukuddireba don su ga tartsatsi, suna ɗaukar hakan a matsayin gwaninta. Wannan ganganci ne, yana lalata kafasitan, yana kuma iya watsa narkakken ƙarfe a ido. Ni da ƙwan fitila mai zare na bolt 220 nake sauke wutar, in taɓa wayoyinsa a ƙafafun har haskensa ya mutu, sannan in tabbatar da mita. Tandun mikrowef kuwa, wanda kafasitansa ke aiki da kusan bolt 2,000, mai koyo kada ma ya kwance shi, babu abin da amfilifayarsa ke buƙata a ciki.

Tunda ana maganar kafasita, su ne kaɗai kayan da ba na yarda da tsofaffinsu kai tsaye. Razista da diyod sukan yi shekaru ba su canza ba, amma kafasita mai ruwa a ciki bushewa yake yi. Wanda kansa ya kumbura ko gindinsa ya yi tsatsa shara ne. Wanda ya bushe a ɓoye kuma ana gane shi da aikinsa: idan shi ne mai maikrofarad 220 da ke tsakanin ƙafa ta 5 ta LM386 da lasifika, murya za ta siranta, kaurinta ya ɓace, idan kuwa na tace wuta ne, gurnani zai cika lasifika. A duba layin da ke gefensa, wanda ke nuna ƙafar negatib, domin juya shi yana sa ya fashe, a kuma zaɓi mai bolt 25 idan allon na bolt 12 ne.

Fito da ƙugi su ne ƙorafin da ya fi yawa. Masu koyo suna son sa kafasita mai maikrofarad 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, wanda ke ɗaga ƙarfin LM386 daga ninki 20 zuwa 200, sannan su zo suna kukan hayaniya. Idan daga wayar hannu sautin ke fitowa, a cire shi, ninki 20 ya wadatar. A manna ƙaramin kafasita mai lamba 104 dab da ƙafa ta 6 da ta 4, kada a manta da razista mai om 10 haɗe da kafasita mai lamba 473 daga ƙafa ta 5 zuwa negatib. Ni dai duk wayoyin negatib a wuri guda nake tara su, kusa da babban kafasita, kuma wayar shigar sauti gajera nake yin ta, mai rigar saƙa, nesa da taransifoma.

Sauran ƙanana ne. TDA2003 ba ya daɗewa ba tare da farantin alminiyam mai janye zafi ba. Lasifika biyu masu om 4 idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wato fozitib da fozitib, negatib da negatib, sun koma om 2, wanda ya fi ƙarfin LM386 nesa ba kusa ba. Ɗigon da ke kan LM386 shi ke nuna ƙafa ta 1, daga sama ake ƙirgawa, ba daga ɓangaren dalma ba. Wajen ciro kaya kuma kada a bar ƙarfe mai zafi ya daɗe a kan ƙafa ɗaya. Ni nakan ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar tukuna, domin hakan yana sa ta narke da wuri, aisin ya fito kafin zafin ya kai cikinsa.